Kan Insha'in da Ba a Bayarwa a Illela

Jiya a ɗakin malamai na ji ɗayanku, mai farin gilashin nan, yana gaya wa 'yan uwansa cewa a duk darussan Hausa babu na hutu irin insha'i. Wai ka rubuta kan magana a allo, ka ce su cika shafi biyu, ka koma kujera ka yi ta danna wayarka har a buga ƙararrawa. Har ya nuna musu batutuwan da ya sauko da su daga waya, an kasa su gida-gida: na fasaha, na adabi, na wasanni, na tsirrai da dabbobi. Madalla, Allah ya yi wa wayar albarka. Ashe ni da na tsufa a wannan aiki a Illela wahalar banza na sha. Da na yi haƙuri an ƙera waya, da yanzu babu furfura ko ɗaya a kaina. To, tunda kwalejinku ta turo ku gwajin koyarwa a hannuna, kuma sai na sa hannu za ku koma, ku ja benci ku zauna.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Akwai alli, wanda makaranta ke bayarwa a farkon zango, daga nan kuma sai aljihunka. Akwai allo, wanda a zamaninmu da garin tsohon batir muke baƙanta shi, mu koma gida hannu kamar na maƙeri. Akwai tsumman gogewa. Sai kuma jan biro, wanda shi ne ke haukata sabon malami. Ranar da ya fara riƙe shi sai ya ji ya zama alƙali, ya bi takardar yaro ya yi mata jina-jina, ya rubuta "Ka ƙara ƙoƙari" a ƙasa, ya tafi gida yana ganin ya yi aiki. Duk waɗannan ana samunsu a shago. Kayan aikin da ba a sayarwa shi ne sanin gidan da kowane yaro ya fito, kuma wannan babu shi a wayar mai farin gilashi.

Insha'in farko da na bayar a rayuwata, daga littafin kwaleji na ɗauko shi: "Ranar da na je bakin teku." Na tsara shi a allo da rubutun da na fi ji da shi, har da jan layi a ƙasa. Yara suka dubi allo, suka dube ni, suka sunkuyar da kai. Yaran garin nan ba sa musu da malami, rubuta masa suke yi. Da na tattara takardu sai na ga teku iri-iri. Wani ya ce a kan jaki suka je, suka tarar ya ƙafe saboda rani. Wata ta ce mahaifiyarta ta yi wanki a ciki, ruwan yana cin sabulu. Wani kuma ya rantse cewa tekun yana bayan Ƙonni ta Nijar, sai ka nuna takarda ake barin ka shiga. Na zare jan biro na raba musu ziro gida-gida, na kwashi takardun na kai wa Malam Bube don ya ga irin daƙiƙan da aka haɗa ni da su.

Malam Bube shi ne tsohon malamin Hausa da na tarar a makarantar, ɗan siriri, baki jawur da goro, ba ya sauri a komai. Ya karanta guda uku, ya cire tabarau.

"Malam ƙarami, kai ka taɓa zuwa tekun?"

Na ce a'a.

"To mi yas sa kab ba su ziro? Kai da su dut ba ku san shi ba. Su dai sun hi ka ƙoƙari, sun rubuta wani abu."

Ya miƙo hannu ya karɓe jan birona, ya jefa a aljihu, ya ce sai zango ya ƙare zan sake ganinsa. Ya ce ranar kasuwa in je in zauna inda yaran ajina ke kai da kawowa, kada in yi wa kowa magana, in kalla kawai. Haka na yi ta yi, ni da takardar shaidar malanta, ina zaune a benci kusa da mai shayi kamar wanda aka kora daga gida. A can na gane ajina. Na ga wanda ke tsare wa babansa teburin canji, yana juya naira zuwa sefa a ka kafin in gama haɗiye shayi, shi ne kuma wanda na rubuta wa "ba ya ganewa". Na ga masu koro awaki tun daga Araba, da yarinyar da ke zuwa da tallan fura daga Lafani, na daina mamakin gyangyaɗinta a aji. Da zango ya ƙare Malam Bube ya mayar mini da birona, ya ce abu biyu zan riƙe. Kada in tambayi yaro abin da bai sani ba, don zai yi mini ƙarya. Kada kuma in tambaye shi abin da aka hana shi faɗa. Na farkon na gane shi nan take. Na biyun sai da na ƙara shekaru.

Mu ɗauki na fasaha, tunda shi ne a saman naku: "Amfanin wayar salula da illolinta." Ku bayar yau, gobe za a kawo muku insha'i cike da tebur, duk iri ɗaya, har kuskuren iri ɗaya, domin wayar ce ta rubuta. Wato kun tambayi waya ta faɗi laifin kanta, ita kuma ta faɗi wanda ta ga dama. Ni lokacin da waya ta cika gari, abin da na rubuta a allo shi ne, "Yadda ake rarrashin waya ta bar layin Nijar ta dawo gida." Duk mutumin Illela ya san wannan ciwo: kana zaune a ɗakin mahaifiyarka waya ta yi ƙara, ka duba ka ga tana yi maka barka da zuwa wata ƙasa. Aji ya kaure da dariya, sannan ya yi tsit, sai ƙarar biro.

Akwai wani yaro a ajin, Lauwali, ɗan Alhaji Modi mai shinkafa. Wannan yaro bai taɓa cika mini rabin shafi ba, kullum hankalinsa na kan babur. Ranar sai da ya nemi ƙarin takarda. Ya bayyana yadda ake hawa katangar gidansu ta kan turmi, a juya baya ga arewa, a ɗaga wayar sama da hannun dama, Alhaji kuma yana ƙasa yana ihu a tambayar masa farashi kafin layi ya sake gudu. Ya rufe da cewa shi a iya saninsa abu biyu ne ba su san da boda ba, wayar babansa da akuyar innarsa. Na yi dariya har malamin ajin kusa ya leƙo. Ku riƙe sunan yaron nan, zan dawo kansa.

Na wasanni ma haka. Ka ce su rubuta a kan ƙwallon ƙafa, su kwaso maka sunayen Turawan da ba su san ana yi da su ba, wanda ya fi kowa iya haddar gidan kallo shi ne gwani. Amma ka ce, "Ranar da ƙwallonmu ta faɗa gidan da ba a shiga," ka ga rubutu. Kowace unguwa tana da wannan gida, da tsohuwar da ke ciki, da wuƙar da take fasa ƙwallo da ita. Na adabi kuwa, in ka ce su taƙaita littafin da aka karanta, bayan bangon littafin za su kwafe maka, har da sunan maɗaba'a. Ni nakan ce su kawo mini tatsuniyar da kakarsu ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba saboda barci, su ƙarasa ta da kansu. A nan ake gane mai kai.

Na dabbobi ne ya taɓa jawo mana baƙo. Wata malama, sabuwar zuwa, ta ba da "Garkenmu", ta kuma yi wa yara alheri ta jera musu abin da za su taɓo: launin shanu, abincinsu, da yawansu. Akwai Buba, yaron rugar da ke bayan gari, wanda a gida Fulatanci yake yi. Ya rubuta mata halin kowace saniya, mai faɗa da mai kwaɗayi da wadda ba ta shan ruwa sai an yi mata magana, amma bai faɗi yawansu ba. Ta rage masa maki, ta rubuta da ja, "Guda nawa ne?" Washegari sai ga baffansa a ƙofar ofis, sanda a kafaɗa, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce ya zo ne ya ji wace hukumar ce ke son sanin yawan shanunsu, kuma me za ta yi da shi. Sai da shugaban makaranta ya fito da kansa ya ba da haƙuri. Malamar ta yi ta mamaki, wai ita lissafi kawai take so yaro ya koya.

To a nan ne maganar Malam Bube ta biyu take. A ko'ina cikin ƙasar nan, batutuwan da suka fi sauƙi su ne "Sana'ar mahaifina", da "Yadda na yi hutu", da "Tafiyar da ba zan manta da ita ba". Su ake ba yaro idan ana so ya samu maki a ɓagas. A Illela su ne ba a bayarwa. Garin nan da hanya yake ci. Tun yaro bai iya ɗaura wando ba ake koya masa cewa in wani mai biro da takarda ya tambaye shi ina babansa ya tafi, ko me ya ɗauko, ko ta ina ya bi, amsar ita ce ban sani ba. Ba don kowa ɓarawo ne ba. Mai kayan halal ma ba ya faɗin hanyarsa, don maƙwabcinsa zai riga shi. Sai kai kuma ka zo da alli ka ce ya cika shafi biyu a kan abin da uwarsa ta murɗe masa kunne a kai. Mai wayo zai ce babansa manomi ne, hutu kuma a masallaci ya yi shi. Marar wayo zai ba ka farar takarda. Wanda za ka ji tsoro shi ne mai gaskiya.

Ku kuma daina cewa ɗalibai ne masu cinikinmu. Ɗalibi kaya ne da aka ba mu ajiya. Masu ciniki su ne iyaye, kuma irin masu cinikin nan ne da ba sa duba kaya sai ranar da za su mayar maka da shi. Uba zai shekara bai san ajin da ɗansa yake ba, amma ka tambayi yaron abin da bai kamata ba da hantsi, kafin azahar labari ya kai teburin 'yan canji, ya kai tashar 'yan kabu-kabu, kafin la'asar an san sunan garinku da wanda ƙanwarka ke aure.

Shekarar da aka rufe boda ita ce shekarar da ban so a maimaita mini. Manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. 'Yan canji suka zauna suna kore ƙuda daga tebur. Abinci ya yi tsada, kuma yunwa ba ta jiran sanarwa, sai hanya ta koma daji, a kan babura. Samarin ajina suka zube, yau wannan babu, gobe wancan ya zo da ƙafa a ɗaure ya ce faɗuwa ya yi a bayan gida. Mu ma muka riƙa cewa Allah ya sawwaƙe, kamar mun yarda. Lauwali a lokacin ya gama makaranta, shi ke yi wa babansa jigila. Wata ranar damina babur ya zame da shi a bakin wani kwazazzabo, kaya suka danne shi. Kafin a kawo shi gari ya cika. Duk Illela ta san yadda abin ya faru, duk Illela kuma ta je gaisuwa ta ce zazzaɓi ne, Allah ya jiƙansa. Haka ake yi.

Ƙanwarsa Luba tana ajin ƙarshe a lokacin. Yarinya ce marar surutu, mai kyan rubutu, irin wadda malami ke fara duba takardarta don ya samu ƙarfin duba sauran. An riga an yi mata rajistar jarrabawar fita, kuma burinta makarantar koyon jinya. Bayan rasuwar ta dawo aji, ta koma bencin ƙarshe, ta ƙara yin shiru.

Ana cikin haka aka turo mana ɗan bautar ƙasa, Malam Faisal, yaron birni, mai tsabta, mai son aiki, takalmi kullum yana ƙyalli. Ni kuma aka tura ni wani taron bita na 'yan kwanaki a Sakkwato, inda aka koya mana yadda ake koyar da abin da muka tsufa muna koyarwa. Shugaban makaranta ya ba shi ajina ya riƙe. Ya buɗe wayarsa, ya zaɓi wanda ya fi kowanne sauƙi don ya kyautata wa yara: "Tafiyar da ba zan manta da ita ba." Yawancinsu suka yi abin da aka koya musu a gida, kowa ya je gaishe da kakarsa ya dawo lafiya. Luba ta rubuta gaskiya.

Na karanta takardar daga baya, kuma har yau ina iya kawo farkonta. Ta ce ita ba ta taɓa yin tafiya ba, amma yayanta ya yi wata, kuma ita ce ba za ta manta da ita ba. Ta faɗi yadda ake ɗaure buhu a babur, da igiyar da ake amfani da ita, don ita ke kai wa masu lodi abinci. Ta faɗi hanyar, ta bayan wani ƙauye da ba zan gaya muku sunansa ba, ni ma yanzu ɗan gari ne. Ta faɗi gonar da ake ratsawa da sunan kawunsu da ke karɓa a wancan gefe. Ta ce ranar Lauwali yana fama da zazzaɓi, babansu ya ce ya kwanta, shi kuma ya ƙi ji, ya saci jiki ya ɗauki makulli ya fita. Ta ce ya bar kokonsa a rufe, wai in ya dawo zai sha.

Malam Faisal ya karanta, hawaye suka zubo masa, ya ba ta makin da bai taɓa ba kowa ba. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma alheri ya ci gaba da cinsa, sai ya ga bai kamata irin wannan basira ta ɓuya ba. Ya ɗauki takardar ya karanta ta a taron safe, a gaban makaranta duka, da lasifika, har da sunan kawu, ya kuma ce a tafa mata. A cikin masu tafin akwai 'ya'yan masu kaki da ke aiki a boda, don su ma a nan suke karatu.

Ba a kama kowa ba, ku ji da kyau. Masu kaki ba sa jiran insha'in 'yar makaranta kafin su san daji. Amma tsoro ba ya tambayar wannan. Ranar da na dawo na tarar gari ya gama yanke hukunci: sabon malamin nan turo shi aka yi, yana sa yara su rubuta hanyoyin iyayensu yana aikawa sama. Rabin aji babu. Luba kuwa Alhaji Modi ya ce ta gama boko, jarrabawa ko ba jarrabawa, kuma saura 'yan makonni a fara. Na tarar da Malam Faisal a ɗakin malamai ya haɗa kai da gwiwa.

"Amma Malam, yabonta fa na yi!"

Na ce masa na sani, kuma da zaginta ya yi da tana aji yanzu. Na karɓi takardar, na ce ya goge takalminsa da kyau, za mu je inda za a cire shi a bakin ƙofa.

Bayan la'asar muka sami Alhaji Modi a zaurensa, wanda da buhuna ke kaiwa har rufi, yanzu sai tabarma da buta. Muka gaisa, muka sake yi masa gaisuwar rashi. Bai dubi Faisal ba ko sau ɗaya.

"Malam, kai mun san ka," in ji shi. "Kai kak karantar da marigayi. Wanga hwa, wa yat turo shi?"

Na ce, "Alhaji, dube shi da kyau. Wanga ko masaukinai sai an raka shi. In da shi anka turo leƙen asiri, ai kun huta."

Bai yi dariya ba. Ya ce a gidansa ba a faɗin hanya, ubansa bai faɗa ba, shi bai faɗa ba, sai ga ɗiyarsa ta faɗa da lasifika. Ya ce in boko ke nan, ta ƙoshi. Na ce masa yarinyar ba ta yi don ta tona kowa ba, tambayarta aka yi, kuma ba ta iya ƙarya ba. Na ce in ta rasa jarrabawar nan, shekara ta tafi, kuma shi ya san yadda shekara ke tafiya da yarinya ba ta dawo da ita aji ba. Faisal ya buɗe baki zai kawo nasa bayanin, na taka masa ƙafa.

"Ina takardar?" in ji Alhaji.

Na miƙa masa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ashana. Ban hana shi ba, don takardar ɗiyarsa ce, ba tawa ba. Ya juya ta, ya sake juyawa. Alhaji ajami yake karantawa, boko sai dai lambobi. Can ya miƙo mini ita.

"Karanta man tukuna. In ji abin da duniya taj ji ni ban ji ba."

Na karanta. Da na zo kan igiya da ɗaurin buhu ya gyaɗa kai, kamar mai duba aikin yaron shago. Da na zo kan hanya ya runtse ido. Da na kai inda ta ce babansu ya ce ya kwanta, shi ya ƙi ji ya ɗauki makulli, sai ya ɗaga hannu.

"Maimaita wurin ga."

Na maimaita.

"Ba daidai na ba," in ji shi. "Bai ɗauki makulli ba. Ni nib ba shi. Yac ce man jikinai ba daɗi, nic ce mai ragganci na. Da hannuna nit tashe shi."

 Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun kaɗa.

"Ku malamai ba ku da jan biron ga na gyaran kuskure? Gyara."

Biron yana aljihuna, na ma taɓa shi. Na gyara takardu har ban san iyakarsu ba, na soke, na ja layi, na zagaye, ban taɓa jin komai ba. Ranar hannuna ya ƙi, tausayin mutumin nan ya cika ni har na kasa haɗa ido da shi. Na ce masa a ƙa'idar aikinmu, mai rubutu shi ke gyara abin da ya faɗa, malami harafi kawai yake gyarawa. Ya ce in ƙarasa karatun. Na ƙarasa har kan kokon da aka bari a rufe. Ya mayar da ashanar aljihu.

"Gobe ta taho makaranta," in ji shi. "Amma kai mata takardar ga ta gyara wurin nan, ta maido man. Ba ni son a ɗora ma mamaci taurin kai. Yaron ga bai taɓa ƙin maganata ba."

Washegari ta zo. Ganin ta dawo, sauran iyaye suka fara sako nasu da ɗai-ɗai, tunda mai abin ma ya haƙura. Lokacin hutun tara na kira ta gindin dogonyaron da ke gaban ofis, na ba ta takardar da jan birona, na gaya mata saƙon babanta yadda ya faɗe shi, ban rage ba. Na ɗauka za ta firgita. Ko gezau.

"Na sani, Malam," in ji ta. "Ina shara bakin ɗakin sadda yat tashe shi. Dut na ji."

Na ce to me ya sa ta rubuta haka.

"Lauwali ya tahi, Malam, ba ya jin abin da anka ce. Baba na nan."

Ta miƙo mini birona da hannu biyu, ta ninke takardar yadda take, ta sa a jaka. Ni da na je zauren mutum na rantse masa cewa ɗiyarsa ba ta iya ƙarya ba. Ta faɗi hanya, ta faɗi gona, ta faɗi sunan kawu, duk abin da gari ke ɓoyewa ta baza shi, abu ɗaya ta rufe, shi ma ba don boda ba. Abin da suka ce wa juna ita da babanta da ta kai masa takardar ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ta zauna jarrabawa ta ci. In kun taɓa kai mara lafiya asibiti a yankin nan, wataƙila ita ta sa masa ruwa. Malam Faisal kuwa har ya gama bautarsa bai sake rubuta komai a allo ba sai ya zo ya tambaye ni ko akwai wanda abin zai taɓa. Har a kan amfanin zogale sai da ya tambaya.

To, ga darasin hutu nan. An buga ƙararrawa, aji yana jira. Mai farin gilashi, ga alli, kai za ka shiga, kuma ka zaɓi duk wanda ka ga dama a wayarka. Amma kafin ka rubuta komai a allon nan, gaya mini sunan yarinyar da ke zaune a bencin ƙarshe, da abin da ya faru a gidansu bana.